Mudun da Na Aro a Wurin Gwaggo

Shekara biyu ko uku bayan an gama yaƙin basasa na dawo gida daga jami'a da digiri a fannin tattalin arziki. Ban riƙe shekarar daidai ba, amma na san ba a canja kuɗi ba tukuna, da sule da sisi ake ciniki, garin kuma Abuja ake ce masa, sai daga baya ya koma Suleja. Sojojin da aka dawo da su daga fagen daga sun cika gari. Ba a gama musu bariki ba, saboda haka wasu suna haya a unguwanni, wasu kuma an sauke su a gidajen mutane, ko da yardar masu gidan ko babu, wannan ban sani ba. Suna da mata da 'ya'ya, albashi yana shigo musu duk wata. 'Yan kudun da suka gudu lokacin rikici suna ta dawowa suna buɗe shagunansu. Masu ci sun yi yawa, hatsi ya yi tsada, kowa yana kuka.

A cikin wannan hali aka buɗe wani ɗan ofis na ƙayyade farashi, aka ɗauke ni aiki a ciki. Har yau ban tabbata ba ko umarnin da ya zo daga sama ya haɗa da hatsi, ko kuwa madara da sukari da sabulu da kananzir kaɗai ya ambata, mu ne muka ƙara dawa da gero don ƙwazo. Na taɓa neman takardar in karanta da idona, aka ce tana cikin fayil, fayil ɗin kuma yana Minna. Shugabanmu wani dattijon ma'aikaci ne da ya fara aiki tun zamanin Turawa, Yallaɓai muke ce masa. An kuma haɗa mu da wani saje da sojoji huɗu, su ne masu tabbatar da doka. Sajen ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu.

A gidan Gwaggo nake zaune, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yar awo ce, tana da rumfa a layin 'yan hatsi tun kafin a haife ni. Sai dai ni tun ina ɗan shekara goma aka kai ni makarantar kwana, hutu kaɗai nake zuwa, in na zo kuma littafi ne a hannuna. Ba don in wanke kaina nake faɗar wannan ba. Ina so ne a gane cewa na girma da kuɗin awo ba tare da na taɓa tsugunawa gaban buhu ba.

Aikin farko da Yallaɓai ya ba ni shi ne in zaga kasuwa mako guda in rubuta yadda ake sayar da mudun dawa da gero da masara. Na yi, na kawo, aka zauna aka ɗan rage, aka ce wannan shi ne farashin gwamnati. Da an tsaya nan, wataƙila da ba ni da abin rubutawa yau. Amma ni ne na tayar da maganar da ta jawo komai.

"Ranka ya daɗe, mun sa wa mudu farashi, amma ba mu faɗi mene ne mudu ba," in ji ni.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Mudu mudu ne mana."

Na ce na lura kwanukan ba girmansu ɗaya ba, kuma an koya mana cewa farashin da ba shi da tsayayyen ma'auni ba farashi ba ne. Ina jin na yi magana ta kai minti biyar. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To, Malam mai digiri, gobe ka kawo mana mudu na gaskiya, mu sa a ƙera irinsa, mu buga masa hatimi."

Da na koma gida na tarar da Gwaggo tana tsintar wake a faifai.

"Gwaggo, ki ara mini mudunki gobe."

"Awo za ka yi?"

"Aikin ofis ne."

"Ofis ya shiga awo kuma? To Allah ya rufa asiri. Kada dai ka bari manoman yankin Iku su yi maka wayo, Akawu, kai da takarda kaɗai ka sani."

Akawu take kirana tun da na fara sa wando da kwat. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta ɗauko wani kwano daga bayan gado ta miƙo mini. Na lura ba wanda ke cikin kwandon kasuwarta ba ne, amma sai na ɗauka karramawa ce, ta ba ni wanda ya fi kyau saboda ofis za shi. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ƙara tambaya ba.

Wani maƙerin kwano ya buga mana irinsa masu yawa, na tsaya a kansa har ya gama, ina gwada kowanne da yashi don kada wani ya fi wani. Aka buga musu hatimi. Mai shela ya zaga gari ya ce daga ranar kasuwa mai zuwa ba a yarda a auna hatsi da wani kwano ba sai na gwamnati, a cika shi da tozo, a kan farashin da aka rubuta a allo. Wanda aka kama da wani kwano, ko ya ɓoye hatsi, za a sayar da kayansa a bainar jama'a, a karɓe rumfarsa.

Ranar da muka raba mudun, matan layin hatsi suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta juya shi, ta leƙa cikinsa, ta dubi 'yar'uwarta. Babu wadda ta ce uffan. Saje yana tsaye a bayana da bulala a hammata. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin amincewa, har na rubuta haka a rahotona.

Bayan la'asar Gwaggo ta dawo gida, ba ta ko amsa sannu da zuwan da na yi mata ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye kwano biyu, wanda na ara da wanda ke cikin kwandonta. Ta ce in zauna. Ta cika na farkon da dawa har ya yi tozo, sannan ta juye a na biyun har shi ma ya yi tozo. Dawa ta rage a gindin na farkon, kamar cikin tafi biyu. Ta tura mini shi gabana.

"Ka ga wannan da ya rage? Shi ka ci ka yi boko."

Ban gane ba, na kuwa faɗa mata ban gane ba.

"Wannan na saye ne, wannan na sayarwa. Da babban nake aunowa a hannun manomi, da ƙaramin nake aunar wa mutanen gari. Kuɗin ɗaya ne, Akawu. Yadda na saya haka nake sayarwa. Abin da ya rage a gindin kwano shi ne nawa. Wanda ya zo aron mudu ai saye za shi, shi ya sa na ba ka na saye. Wa ya taɓa jin an ari mudu don a kai wa maƙeri?"

"Manoman sun san da haka?"

"Wa bai sani ba? Duk garin nan kai kaɗai ne."

Ta ce manomi yana sauke kayansa gaba ɗaya da safe ya karɓi kuɗinsa ya koma gona, ita ce za ta wuni a rana tana korar kaji da awaki, ita ce ɓera da gunda za su ci wa. Na tambaye ta me ya hana su magana da safe. Ta ce su ce me, a gaban soja? Su ce suna da kwano biyu?

Har yau in aka tambaye ni ko wannan tsari adalci ne, ba na iya ba da amsa kai tsaye. A littafi ba shi da kyau. A kasuwa kuwa, iya abin da na gani, babu wanda ya ɗauke shi cuta. Abin da na tabbata shi ne, na rubuta farashin ƙaramin kwano, an rage shi, sannan na ɗora shi a kan babban kwano. Duk wadda ta bi dokar, da hannunta za ta riƙa zubar da jarinta.

Ya kamata washegari in je in faɗa wa Yallaɓai. Ban je ba. Na zauna na rubuta masa wasiƙa, na ga ta yi kama da ina tona asirin 'yan awo, na yaga. Na sake wata, na ga ta yi kama da ina kare gwaggona, na yaga. Ta uku na ajiye ta a aljihun kwat, na ce sai na sami lokacin da ya dace. Ta kwana a aljihun nan fiye da wata guda.

A cikin wannan wata layin hatsi ya bushe. Matan suna zuwa su zauna, kowacce da ɗan hatsi a ƙasan tasa da mudun gwamnati a kife a kai, kafin hantsi sun ce ya ƙare. Manoma ma suka rage shigowa. Masu manyan motoci suna tare su tun a hanya, wajen Kurmin Sarki, su saye kayan a wuce da shi kudu. Amma hayaƙi bai daina tashi a gidaje ba. Mace za ta tsaya gaban rumfa ta tambayi gero, a ce mata babu, sai mai rumfar ta ƙara da cewa, "Kwana biyu ba ki leƙo mu ba." Da yamma sai ka gan ta ta shiga gidan da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. A can ake awo da ƙaramin kwano, kuɗin kuma ya fi na da, saboda yanzu har da ladan tsoro a ciki. Haka kasuwar bayan fage ta koma cikin ɗakuna, ɗaya daga cikin ɗakunan kuwa yana kallon nawa.

Duk mako ina rubuta rahoto cewa farashi bai motsa ba a kasuwa. Ba ƙarya ba ne, tunda ba a sayar da komai balle ya motsa. Yallaɓai ya ce an yaba da aikinmu a Minna. Da yamma in dawo in ci tuwon dawar da doka ta hana a sayar, wani lokaci in yi kiciɓis da mai aikin gidan Yallaɓai tana fita daga ɗakin Gwaggo, ta sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar. Matan sojoji ma suna zuwa. Na kasa gane wa muke tsarewa, kuma daga wa.

Buhu bakwai Gwaggo take da su a ɗakin, na dawa da na gero, ta saye su tun kaka don ta sayar da bazara. Su ne jarinta gaba ɗaya. Na sha ce mata ta raba su gidajen dangi, ta ce in kula da takarduna.

Ban san wanda ya kai ƙara ba. Wasu sun ce wata matar soja ce ta nemi gyara aka hana ta. Wasu sun ce sojojin ne kawai suka bi sawun mata masu ƙorai. Abin da na sani shi ne, wata ranar kasuwa da hantsi ina zaune a ofis na ji hayaniya, na leƙa ta taga, sai ga buhunan nan bakwai an jibge a ƙofar ofis, ƙaramin kwanon a kansu, Gwaggo tana tsaye a gefe ta harɗe hannu. Ba ta dubi inda nake ba.

Yallaɓai ya fito, saje ya ƙame ya ce, "Mun kama wannan Mama, ya ɓoye abinci, yana awo da kwanon sata."

Na fito waje. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana." Na ciro wasiƙar, ta riga ta yi laushi da gumi, sai na ga karanta ta zai ɗauki lokaci, na faɗi abin da baki. Na ce wannan gwaggona ce, mudun gwamnati nata ne na ara, kuma na saye ne ba na sayarwa ba. Na ce kuskuren nawa ne, in akwai wanda za a hukunta ni ne. Ina tsammanin na maimaita "iya fahimtata" sau uku ko huɗu, a maganar da ba ta bukatarsa ko sau ɗaya.

Saje ne ya fara fashewa da dariya, har yana dukan cinyarsa da bulala. "Kai! Oga, wannan yaro ya je makaranta nawa? Uwana a gida kwano biyu yana da shi. Kowa ya sani!"

"To tunda ka sani, Saje, me ya sa ba ka faɗa ba?" in ji ni.

"Ni soja ne. An ce wannan mudu, wannan mudu."

Yallaɓai bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya. "Ɗana, ka san abin da kake nema? Samfurin mudun nan yana Minna, an yaba. Mutum nawa muka riga muka sayar da kayansu da shi? In na ce kuskure ne, duk sai su dawo. In kuma na saki wannan, gobe a ce don gwaggon ma'aikacina ce." Sannan ya ce, "Ai ni na ɗauka da gangan ka kawo babban, don talakawa su samu sauƙi. Har na faɗi haka a sama."

Ashe shi ma ya sani.

Abin da maganata ta jawo, in ta jawo wani abu, shi ne ba a zaga da Gwaggo cikin kasuwa da kwano a ka ba, kamar yadda aka yi wa wasu. Saje ya sa aka kawo mata benci, ya ce, "Mama, zauna." Ta ƙi zama. Sannan ya juyo gare ni ya ce tunda ni ne masanin mudu, ni zan auna.

Aka kwance buhun farko, aka yi layi. Matan sojoji ne a gaba, kamar an sanar da su tun jiya. Na tsuguna da kwat ɗina, karo na farko a rayuwata, na tsoma mudun gwamnati cikin dawar Gwaggo. Doka ta ce a cika da tozo, ni kuma ban san yadda ake yin rabin doka ba, sai na riƙa cikawa har tana zuba. Na ji muryarta a kaina.

"Dubi yadda yake awo, kamar na ubansa."

"Ai na ƙanwar ubansa ne," wata ta amsa daga cikin layi, aka kwashe da dariya.

Buhu biyu da wani abu suka tafi a hannun matan bariki. Da na ɗaga kai sai na ga layin ya canja. Matan layin hatsi ne, abokan zaman Gwaggo na shekara da shekaru, da 'ya'yansu mata da surukansu, kowacce da ƙwarya ko tasa. Wata tsohuwa da rumfarta ke jikin ta Gwaggo, wadda ta sha ba ni ƙuli-ƙuli ina yaro, ita ce a gaba.

"Cika, ɗan nan, cika! Ka ƙara tozo, ai na gwamnati ne!"

Suna ture juna, suna tsawata wa duk baƙuwar fuskar da ta nemi kutsowa, wasu na ga sun karɓa sun zaga sun sake shiga layi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, waɗannan su ne mutanen da take kai wa gudummawa in suna biki. Na auna musu har buhun ƙarshe ya kwanta. Aka cire kuɗin tara, aka ƙulle sauran kuɗin a ƙyalle aka miƙa wa Gwaggo, aka kuma sanar cewa rumfarta ta fita daga hannunta. Kafin mako ya zagayo an ba wani mai sayar da kwanuka ita.

Ranar ba ta yi mini magana ba, ni ma ban iya cin abinci ba. Washegari ban je aiki ba, na aika cewa ba ni da lafiya, wanda kusan gaskiya ne. Ina zaune a ƙofar ɗakina da hantsi sai ga tsohuwar nan ta yi sallama, da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Na miƙe don in bar wurin, saboda ban yarda da bakina ba. Sai na ga ta wuce ɗakin Gwaggo ta sauke ƙwaryar, cike da dawar jiya. Gwaggo ta kwance ƙyallen nan ta mayar mata da abin da ta biya. Ba godiya, ba dogon bayani, sai ka ce sun saba. Kafin ta fita wata ta shigo, bayanta wata.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Gwaggo, dama kun shirya haka?"

"Wane shiri? Ka ga mun yi taro?"

"To da na yi shiru jiya, da sakamakon ɗaya ne ke nan?"

Ta ɗan yi tunani. "Da sun ɗora mini kwano a ka. Ko kuma da ba su ɗora ba. Ina zan sani?"

Tsohuwar ta ce, "Ai ya yi ƙoƙari. Hannunsa ne dai ba shi da tsoron Allah, yana ta tula wa matan bariki kamar mai rabon zakka."

Ba duka ne ya dawo ba. Wasu sun riƙe nasu, Gwaggo ta san su ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuwa taɓa ambatar sunansu a gabana ba. Abin da ya taru ya kai buhu huɗu, ko ya ɗan gaza. Na ce mata rumfar fa, ina ganin in aka bi ta hanyar da ta dace za a iya dawo da ita, zan rubuta takardar roƙo, in nuna cewa asalin kuskuren daga ofis ne, wataƙila in kai har Minna.

"Akawu."

"Na'am, Gwaggo."

"Don girman Allah kada ka ƙara rubuta komai a kaina. Kasuwa na bar ta, a ɗakin nan zan ƙarasa. Zo ka riƙe mini bakin buhun nan, gero yana zuba a ƙasa."

Na cire kwat na rataye a ƙofa, na kama bakin buhun da hannu biyu, matar da ke gaba ta fara juyewa.